Kundin Aiki: Kantar Littattafan Bincike da Karatun Daren Asabar

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Bayan sharar safe aka buɗe tsohuwar adakar ƙarfe da ke shagon zaure, da niyyar ɗauko littafi guda na karatun dare. Sai aka tarar da aikin da ya fi wannan. Gara ta gina hanyarta ta jar ƙasa daga kusurwar daɓe, ta bi bango, ta shiga ta inda gindin adakar ya yi tsatsa. Daga sama komai lafiya lau. Sai da aka ɗaga jeri na uku aka ga na ƙasa sun koma kamar saƙar zuma: bango na nan, ciki babu.

An baje su kan tabarmi biyu a inuwa aka ƙirga, guda 163. Na James Hadley Chase 52, na Agatha Christie 23, na Sherlock Holmes, mai binciken nan na labaran Conan Doyle, 6, ƙananan nan na Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977 guda 31, na Hausa 29, sauran 22 na marubuta daban-daban. Wannan rabon na marmari ne. Wanda aiki ke buƙata shi ne na lafiyar littafi, kuma kashi huɗu ya tashi. Masu lafiya 71. Waɗanda gam ya saki amma shafinsu ya cika 48. Masu giɓi 27. Waɗanda gara ta gama da su 17, an ƙone su tare da ƙasar da aka kankaro.

Duba cikar littafi ba kallon lambar farko da ta ƙarshe ba ne. A bi lambobin kusurwa goma-goma, sannan a karanta layin ƙarshe a ga ko jimla ta dire. Kowane littafi minti biyu zuwa uku. Mutum biyu sun kai la'asar a kai.

Cikin masu giɓi 27, guda 19 ƙarshensu ne ya ɓace. Dalilin a fili yake. Bangon baya shi ke shan ƙasa duk lokacin da aka ajiye littafi, shi ake naɗewa idan an kusa gamawa, don haka shi ke fara fita. Da ya fita, fallayen ƙarshe sai su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Littafin soyayya idan ya rasa falle uku na ƙarshe mai karatu zai iya ƙarasawa da kansa. Littafin bincike kuwa, wato labarin gano mai laifi, duk shafi ɗari biyun nan bashi ne marubuci ya ci, a fallayen ƙarshe yake biya. Saboda haka duk mai giɓin ƙarshe an ɗaura masa jan zare, ba za a ba kowa aro ba sai an cike.

Aiki uku ke gaba: kanta, kashe ƙwari, ɗinki. Na huɗu, zaɓen littafin da za a karanta wa gida, sai waɗannan sun kankama.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Awo. Irin waɗannan ƙananan littattafai tsayinsu inci 7, faɗi inci 4 da kwata, kauri wajen santimita ɗaya da rabi. Guda 146 da suka rage jerinsu bai wuce ƙafa bakwai da ɗan abu ba, amma an auna kantar ta ɗauki 300, tunda littafi ba ya zama shi kaɗai.

Faɗi ƙafa 3, hawa biyar. Hawa huɗu na sama inci 9 kowane, na ƙasa inci 12 don manyan littattafai. Zurfi inci 8 kawai. Kanta mai zurfi ita ke sa a jera littafi bayan littafi, na baya ya ɓace wa ido, kyankyaso ya samu ɗaki. Kada faɗin ya wuce ƙafa 3 a katako mai kaurin inci ɗaya, zai yi ciki a tsakiya. Ƙafafu na ƙarfe, inci 6 daga ƙasa, a bar inci 3 tsakaninta da bango. Ƙarfe ba ya hana gara hawa, tana iya gina ƙasarta a kansa, amma za a gani, kuma tsintsiya na shiga.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An je 'yan katako tare da kafinta bayan an kai yara Islamiyya. Ana buƙatar ƙafa 27: shimfiɗa shida masu ƙafa 3, gefe biyu masu ƙafa 4 da rabi. Falanki uku masu ƙafa 12 sun isa har da ragowa. An tsaga su daga inci 12 zuwa 8, tsagin inci 4 da ya fita an ajiye shi, da shi za a yi matsewar ɗinki.

Kuɗin da ya fita:
Falankin malaina 3, ₦19,500
Filawud siriri na baya, ₦9,000
Ƙusa inci 2 da inci 1, ₦1,500
Farin gam, ₦3,000
Sanfefa, ₦600
Banish lita 1, ₦5,500
Maganin gara lita 1, ₦4,000
Ƙafafun ƙarfe wajen mai walda, ₦8,000
Kuɗin aiki, ₦12,000
Dako, ₦1,500
Jimla ₦64,600.

Kafinta ya ɗaga falanki ɗaya ya jinjina, ya ƙwanƙwasa shi da bayan guduma, ya ce, "Maigida, wannan bai gama shan iska ba. Da za ka yi haƙuri a kwantar da shi sati biyu, da ya fi." Na ce masa, "Malam, littattafan suna kan tabarma, a yi kawai." Ya ce to. An rubuta wannan a nan ne don kada gobe a ɗora masa laifi.

An ba da shawarar a shafa baƙin mai maimakon maganin gara, kamar yadda ake yi wa katakon rufi. Ga rufi babu laifi. Ga kanta a'a: yana tsatsafowa da zafi, takarda kuma tana shan mai, tabonsa ba ya fita. Maganin ma a bayan filawud da ƙasan kanta kawai za a shafa, ba inda littafi zai zauna ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Wanki da guga, wuta ta zo da hantsi. An toshe ramin garar da siminti bayan an zuba magani. An kakkaɓe littattafai 40 da busasshen buroshin fenti, daga maɗauri, wato gefen da fallaye suka haɗu, zuwa baki, littafin a rufe gam don kada ƙura ta faɗa tsakanin shafuka.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gwajin firiza ya ci tura.

Garar da ke cikin littafi ba ita ce abin tsoro ba. Da an raba ta da ƙasa da laima mutuwa take. Abin tsoro shi ne asu, da ƙwan kyankyaso da ke maƙale cikin maɗauri, da ƙananan tsutsotsin nan masu huda rami kamar na allura. Hanyar da gidajen adana kayan tarihi ke bi ita ce sanyi: a rufe littafi cikin leda, a matse iskar, a sa shi a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri, ya yi mako guda ba yankewa. Idan aka fito da shi kuma kada a buɗe ledar sai ya kwana ya wuni, don raɓar ta taru a bayan leda ba a jikin takarda ba.

Kalmar "ba yankewa" ita ce ta kayar da mu. An sa guda 12 ranar Lahadi. Wuta ba ta wuce awa biyar zuwa shida a rana ba duk makon, ga firizar ana buɗe ta sau goma don zoɓo da ƙanƙara. Littattafan suka riƙa daskarewa suna narkewa. Leda uku ba su rufu da kyau ba, ɗaya kuma ƙashin nama ya huda ta. Guda huɗu sun fito da danshi, shafukansu sun yi tudu da kwari. Kuma babu tabbacin ko ƙwaro ɗaya ya mutu, don sanyin da ke zuwa yana tafiya ƙwari na jure masa.

Gyara: an cusa farar takarda kowane shafi ashirin, ana canzawa safe da yamma. Ba jarida ba, tawadarta na kamawa. Aka sa su tsakanin katako biyu aka ɗora buhun gero na kakar bana. Iskar hunturu ta yi saura. Uku sun miƙe, ɗaya ya zauna da kumburinsa, amma yana karantuwa.

Wanda ba shi da sola ko janareta mai kwana kada ya ɓata ledarsa. An koma zafi. Ƙwari da ƙwansu ba sa wuce digiri 55 idan ya daɗe 'yan awanni. Baƙar leda, a ƙulle, a ajiye cikin mota a rufe gilashi, a rana, daga sha ɗaya zuwa uku. Illarsa yana narkar da gam, don haka waɗanda gam ɗinsu ya riga ya saki, guda 48 ɗin nan, su kaɗai aka yi wa. Masu lafiya an duba su da ido, an sa kafur a ƙulle cikin ƙyalle kusa da su, ba a jikinsu ba. Busasshen ganyen bedi ma ana sawa, korewa yake, ba ya kisa.

Leda ₦1,500, kafur ₦700.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ɗinki. Waɗannan littattafai ba zare a jikinsu. Fallaye ne ɗaiɗai aka yanke aka shafa wa gam a gefe guda, aka manna bango. Bayan shekara talatin ko arba'in gam ɗin ya bushe ya zama kamar ƙaro, da an buɗe littafi sosai sai ya karye.

Kayan aiki: farin gam na kafinta ₦3,000, ƙaramin buroshi ₦500, bandeji ₦1,000, kwali falle shida ₦1,200, noti dogaye biyu ₦800. Matsewa kuma tsagin katakon nan ne biyu masu inci 12, an huda su gefe da gefe aka zura noti.

Da farko a gwada takardar. A naɗe kusurwar falle ɗaya gaba da baya sau biyu. Idan ta karye, takardar ta ƙone da tsufa, hanyarta daban. Idan ba ta karye ba, a cire bango a hankali, a kankare tsohon gam da reza, a bi da sanfefa har gefen kowane falle ya rabu da ɗan'uwansa. A bubbuga a kan tebur su daidaita. A matse littafin ta wajen bakinsa, a bar inci biyu na wajen maɗauri a sake. Sai a tanƙwara fallayen gefe ɗaya su baje kamar mafici, a shafa gam, a tanƙwara ɗaya gefen a sake shafawa. Hikimar ita ce gam ya ɗan shiga gefen kowane falle kamar kaurin gashi, ya kama maƙwabcinsa. A miƙar, a matse da yatsu, a ɗora bandeji ya zarce inci ɗaya kowane gefe, a ƙara gam sama-sama. Ya kwana ya wuni a matse. Washegari a mayar da bango, a sa leda tsakaninsa da shafin farko kafin a danne.

Kuskure biyu aka yi yau. Na farko, an shafa gam yadda ya fito daga roba. A iskar nan ta hunturu bai kai minti biyu ba ya yi fata, kafin a juya ɗaya gefen ya daina kamawa. Sirki ya gyara: cokali huɗu na gam, ɗaya na ruwa. Ya wuce haka yana kwarara cikin shafi, littafi ya ƙi buɗuwa, ya cinye haruffan gefen ciki.

Na biyu ya fi ciwo. Wani na Christie da ya tarwatse tun a adaka, an jera shi makon jiya, aka ɗauka yana nan yadda aka bar shi. Ashe an ɗaga shi wajen shara. Falle takwas na babin ƙarshe suka faɗa bayan shafi na 60, aka manne a haka. Wanda duk ya ɗauka zai ci karo da sunan mai laifi kafin a binne mamaci. Farin gam idan ya bushe ba ya saki. Sai da aka yanke maɗaurin gaba ɗaya da reza da rula, aka yi asarar milimita biyu, aka sake daga farko. Doka daga yau: ƙirga shafuka karo na ƙarshe ana yin sa ne littafi na cikin matsewa, buroshi a hannu.

Masu karyayyar takarda ba a tanƙwara su. A matse su daf da maɗauri, a yi tsaga biyar da ƙaramin zarto, zurfin milimita biyu, a cika da gam, a kwantar da zare mai kauri a kowace tsaga. Ba za su buɗu shimfiɗe ba, amma falle ba zai fita ba.

Salatif kada ya kusanci littafi. Rabin tabon ruwan ƙasa da ke jikin waɗannan aikinsa ne: ledar ta fita, dauɗar ta zauna.

An gama shida.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An kawo kanta. An sa mata magani da banish, za ta sha iska mako guda a zaure kafin littafi ya hau. Ɗinki huɗu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin karatu, don a san abin da zama ɗaya zai iya ɗauka kafin a zaɓi dogon littafi. Bayan isha'i, a falo saboda sanyi, fitilar sola ɗaya, mutum tara har da Gwaggo da yara uku. Mai karatu yana duba sakin layi da ido, ya faɗe shi da Hausa. An ɗauki gajeren labarin Holmes na 1891, na mai shagon jingina da aka ɗauka aiki saboda jan gashinsa, ana ba shi fam huɗu a mako ya zauna a wani ofis daga goma zuwa biyu yana kwafar kundin sani.

Ba a kai rabi ba Gwaggo ta ajiye carbi ta ce, "Kai ɗan nan, dakata. Wanda ya ba ka kuɗi don ka zauna a ɗakinsa, naka ɗakin yake so." Aka yi shiru, mai karatu ya daure fuska ya ci gaba.

Abin da gwajin ya nuna: shafi ɗaya yana cin minti biyu da rabi. Labarin ya ci awa ɗaya da minti goma, ƙaramin yaron ya yi barci a minti na arba'in. Ke nan zama kada ya wuce shafi 12 zuwa 14. Sunayen Turawa ba sa zama a kunne, an yi ta tambayar "wane ne kuma wannan?" Maganinsa a laƙaba wa kowa suna da sana'arsa ko kamarsa tun fitowarsa ta farko, kada a canza. Kuma mai fassara ya kiyayi muryarsa. Da aka zo inda Holmes ya kalli gwiwar wandon yaron shago, an ɗan ja maganar, nan take kowa ya gane nan ne bakin zaren. Alama ana faɗinta ne da muryar da aka faɗi launin labule.

An sayi rajista ₦1,200. Gaba na aro: suna, littafi, rana, adadin shafi lokacin fita. Baya na tuhuma: kowane mutum a labari da layinsa, ina yake sa'ad da abin ya faru, wa ya gan shi, me zai samu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Littattafai sun hau kanta. Na Chase a hawan sama inda hannun yara bai kai ba. Ɗinki biyar.

Asabar, 7 ga Disamba

Ɗaurin aure biyu, ɗaya a Ƙofar Ƙaura ɗaya a Daura. Ba a taɓa komai ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Maganar kafinta ta tabbata. Hawa na biyu da na uku sun kantare, tsakiyarsu ta ɗago, har littattafan tsakiya na jingina da juna. Na uku ya tsage daga bakin ƙusa kusan taƙi guda. Filawud ɗin baya ya ɓalle a kusurwa.

Abu biyu suka haɗu. Katakon ɗanye ne, hunturu ya zuƙe ruwansa da gaggawa. Sannan banish ɗin fuskar sama kawai aka shafa, don a yi tattali. Fuskar da ba ta da banish ta riga ɗayar bushewa, ta tsuke, ta ja katakon. Da an shafa duka biyun har da baki, ko da zai motsa ba zai kai haka ba. Lita ɗayar ma ta isa, ragowarta na nan a gwangwani.

Gane ɗanyen katako a kasuwa ba wuya. Ya fi girmansa nauyi. Idan aka ɗora bayan hannu akwai sanyi. Ƙwanƙwasa shi ba ya amsawa da ƙara. Garin zartonsa idan aka dunƙula yana kamawa. Idan dole sai shi, a kwantar da shi a inuwa, a sa sanduna tsakanin falanki da falanki, a ɗora nauyi. Jingina shi a bango cikin rana shi ne ya fi saurin lalata shi.

An maye hawa biyun da katakon wani tsohon benci da ya shekara goma yana shan iska, ₦5,000, aiki ₦2,500. Wannan karon an fara huda ramin ƙusa kafin a buga. Kafinta bai ce komai ba, sai da ya gama ya shafa katakon ya ce, "Maigida, wannan kam ko jikanka." Sauran hawa uku an juye su an shafa wa cikinsu banish.

Lahadi, 15 ga Disamba

Cefanen wata a Babbar Kasuwa. Ɗinki uku da yamma. Hazo ya yi yawa, an rataya tsohon zani a fuskar kantar, ƙura na kwanciya a kan littattafan cikin kwana biyu.

Asabar, 21 ga Disamba

Zaɓe. Yara sun samu hutu, lokaci ya yi.

Ma'aunin farko shi ne adalcin marubuci. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na irin wannan labari. Uku daga ciki su suka shafe mu: mai laifi ya kasance an ambace shi tun farkon labari, kada aljani ko tsafi ya warware matsala, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Ta biyun tana da muhimmanci a gidan da aka saba da labaran da idan jarumi ya shiga uku sai zobe ya fid da shi. Idan aljani na iya shiga ɗaki a kulle, rajistar tuhuma ba ta da amfani. A kan wannan aka ƙara namu: babi ya shiga zama ɗaya, mutane kada su wuce goma sha biyu, alamu su zama masu ratsa fassara, kuma a iya faɗinsa gaban Gwaggo da yara ba tare da tsallake ba.

Chase ya fita tun a nan. Ɗan Ingila ne da ya kafa yawancin labaransa a Amurka, kuma gwani ne wajen hana mutum barci, amma akasari ka san ɓarawon tun farko, tambayar ita ce ko zai sha. Ga kuma abubuwan da sai an tsallake. Na zaure ne.

Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982, ba ya buƙatar fassara, kuma zancen fasa-ƙwauri ba baƙo ba ne ga wanda ya san hanyar Jibiya. Sai dai ba kacici-kacici ba ne, fallasa ce. An miƙa shi ga manyan yara su karanta da kansu a hutun nan.

Murder on the Orient Express na Christie, 1934, labarin kisan kai a jirgin ƙasa, cikakke ne kuma an ɗinke shi. Amma fasinjojin sun haura goma sha biyu, sai an riƙa duba zanen taragon, ga lissafin mintocin dare, ga wata alama da ta rataya a kan harafi guda, wadda ido ke kamawa kunne ba ya kamawa. Na karatun mutum ɗaya ne.

And Then There Were None, shi ma na Christie, 1939, shi raina ya fi so. Mutum goma a tsibiri, ba mai shiga ba mai fita, rajista ba za ta samu wanda ya fi shi ba. Amma yana cikin masu jan zare, kuma giɓinsa irin mai yaudara ne. Namu ya tsaya daidai inda 'yan sanda biyu suka gama tattaunawa suka kasa gane komai, jimla ta dire, har ka ɗauka nan ne ƙarshe. Alhali bayanin duka yana cikin wata wasiƙa da ke biye, ita ce babu. Da ba a san littafin ba da ya wuce a matsayin cikakke. Christie ta rasu a 1976, littafin na ƙarƙashin haƙƙin mallaka har yanzu, don haka sai dai a nemi wani kwafin. An ba mai zuwa Kano saƙo ya duba wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari.

Saura The Hound of the Baskervilles, labarin Holmes na 1902. Babi 15, kowane kusan shafi 13. Mutanen ba su da yawa kuma kowa da alamarsa: Likita, Magaji, Baran Gida da matarsa, Tsoho Mai Ƙara, da Mai Farautar Malam-buɗe-littafi, wanda sunansa kaɗai ya sa yara dariya. Labarin ya ginu ne kan karen da mutanen ƙauye suka yi imani na aljanu ne, daga nan a ga yadda mai hankali ke bin sawu. Ga gidan nan babu mafarin da ya fi wannan. Abin da zai ba da wuya shi ne ƙasar: fako mai duwatsu da hazo a Dartmoor, da taɓon da ke haɗiye doki. Hazo dai muna cikinsa. Taɓon za a kwatanta da fadama a tsakiyar Agusta.

Shi ma babinsa na 15 babu, nan ne kuma Holmes ke zama ya warware komai. Amma Conan Doyle ya rasu tun 1930, littafin ya zama na kowa, yana intanet kyauta. An buga shafi 12 a shagon kwamfuta, ₦600, an rage girman rubutu ya zo daidai, an yanke inci 7 da 4 da kwata, an haɗa da sauran aka ɗinke gaba ɗaya. Farin sabuwar takardar ya bambanta da jan tsohuwar, kowa na iya ganin inda amsar take. An zagaye fallayen da zare an ƙulle.

Asabar, 28 ga Disamba

An fara. Babi na ɗaya, minti 25, ba wanda ya yi barci. Babi ɗaya daren Asabar, ɗaya daren Lahadi, za a sauke ranar 15 ga Fabrairu. Ana sa ran azumi farkon Maris, daga nan dare na tarawihi ne, ke nan akwai rarar mako biyu don biki ko baƙi.

Canke za a karɓa a ƙarshen babi na 11, ba na 14 ba, domin a na 12 Holmes ke faɗin suna. Babi na 11 ya faɗo daren Asabar, 1 ga Fabrairu. Kowa ya rubuta suna ɗaya da dalili ɗaya a takarda, a naɗe, a jefa gwangwanin madara, Gwaggo ta riƙe. Wanda bai iya rubutu ba ya raɗa wa yayarsa. Mai waya kuma an ja masa kunne.

Kuɗin da ya fita zuwa yau ₦82,600. An ɗinke 31 cikin 48, saura 17, bakwai daga ciki na zarto da zare ne. Masu jan zare saura 18. Gam ya kusa ƙarewa, bandeji akwai. Gobe a janye kantar a duba bayanta da ƙafafunta, a canza kafur, sannan a karanta babi na biyu a ɓoye kafin dare, don tsohon rubutun da Likita zai karanto a cikinsa sai an nemo masa Hausar dattawa.